Ƙofa a Gindin Tukunya

Duk wanda ya ce ginin tukwane wasan ƙasa ne, ya zo in ba shi curin yumɓu ɗaya da yini guda. In ya fitar min da kaskon da kaza za ta sha ruwa a ciki ba ta kau da kai ba, ni zan bi shi da gaisuwa har gida. Ku 'yan yanzu kuna ganin tsohuwa ta durƙusa tana shafa laka, sai ku ɗauka rashin abin yi ne. Ba laifinku ba ne, da roba aka yaye ku, abin da ba shi da uwa ba shi da uba, inji ya tofo shi kawai. To, ku gyara zama. Ni ce Tasalla maginiya. Ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce in ce ƙadangare ne ya bi ta wurin. Amma daga Roni zuwa Kazaure, har can Babura, a zamanina gidan da babu randata ruwan ɗumi suke sha. Wanda ya musa ya je ya tambayi kakarsa.

A hannun Goggo Delu na koya, yayar mahaifina, gajeruwar mace mai hannu irin na maƙera. Shekara biyu ina gabanta ba ta bar ni na taɓa tukunya ba. Aikina ɗauko yumɓu daga Gindin Marke, wani rami a gindin wata bishiyar marke, a gaɓar rafin da yake gangarowa daga duwatsun bayan garinmu. Kakar Goggo ce ta fara haƙa shi, kuma duk ƙasar nan babu yumɓu irinsa. Na sama maƙaryaci ne, ga kyau a ido, da ya ji wuta sai ya tsage. Sai kin shiga rami har kanki ya ɓace, sannan ki tarar da na ƙwarai, mai duhu kamar hanta. Ki ɗan gutsura ki sa a baki. In ya manne a harshe bai yi gararas a haƙori ba, shi ne. Ki ɗauko a ka, ki shanya, ki daka, ki tankaɗe, ki jiƙa ya kwana, ki zuba masa garin tsingaro da ƙaiƙayi da busasshen kashin jaki, ki hau da ƙafa kina tattakawa har ya daina gardama. E, kashin jaki na ce. Kada ku yatsine min fuska. Wuta tana cinye shi tas, kuma 'yan kafofin da ya bari su ne suke sa ruwa sanyi. Manyan mutane sun sha sun yi hamdala.

Kayan aikin ba su cika ƙwarya ba. Akwai tsohuwar tukunya da ake kifewa a shimfiɗa yumɓu a bayanta, Goggo uwa take ce mata. Akwai dundunge, wani dunƙulen gasasshen yumɓu da ake tarewa da shi ta ciki ana bugun waje da ɗan katako. Sai sakaina ta kankare jikin tukunya, jiƙaƙƙen tsumma na fitar da baki, da dutsen rafi mai santsi na goga. Sauran aikin a yatsu yake, su kuwa ba a sayar da su a kasuwa.

Tukunyata ta farko da ta fito daga matoya, wato inda muke tara su mu rufe da kara da kashin shanu mu cinna wuta, na ɗauke ta kamar na haifi ɗa namiji. Goggo ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. Ta cika ta da ruwa ta ɗora min a ka, ta ce in biyo ta kasuwar Roni. Tun kafin mu fita gari na ji sanyi yana bin ƙeyata. Muna isa kasuwa zanena ya jiƙe har ƙasa, mata suna nuna ni da baki. A nan, a gaban masu daddawa, ta juyo ta dube ni.

"Tukunyar da ta yi yoyo," in ji ta, "maginiyar ce ta yi fitsari a tsakiyar kasuwa."

Daga ranar har Goggo ta koma ga Allah, ba a sake kama ni da yoyo ba. Na yi alamata, farce uku a wuyan kowace tukunya, don kada a ɗora min laifin wata, kada kuma wata ta ci da sunana.

Masu saye iri-iri ne. Uwar amarya takan zo da ƙawaye huɗu, kowace ta ƙwanƙwasa randa ta yi tsaki, alhali ba wadda ta san abin da take saurare. Masu waina su zo neman tanda, su ce gurbin ya yi faɗi, wai zan karya su. Mutanen Nijar su zo da raƙuma su ɗaure tuluna a raga, su miƙo sefa, ni kuwa in ce a canza min tukuna, ban karɓar kuɗin da ban san fuskarsa ba. Lokacin mulkin kai En'e ta sa muka yi tuluna na ruwan 'yan makarantar da za su yi maci a Kazaure. Suka sha, suka fasa rabi. Ni dai abin da na gani na mulkin kai ke nan: Bature ya tafi, tulu ya fashe, aka ce a sake wasu.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, sai abubuwa suka fara zuwa ba sallama. Bokitin roba ya zo, jarka ta zo, tukunyar ƙarfe ta zo. Sannan gwamnati ta kawo manyan motoci ta tare ruwa a ƙasan garinmu ta yi dam, rafinmu ya zama shi ne yake ciyar da shi. A lokacin ni ce babba a magina, mu gida shida ne, duk daga Gindin Marke muke ci.

Wata safiya mai shela ya zaga gari yana cewa gwamnati tana gaishe mu, kuma za a yi haɗin gwiwa a kan rafi da gaɓarsa. To mu gayya muka sani. Haɗin gwiwa maganar rediyo ce, ba ta iso mana ba tukuna. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa za a cire mu daga ƙasar Roni a haɗa mu da Gwiwa. Ba wai Gwiwa tana da laifi ba, 'yan uwa ne, ƙanwata ma can take aure, amma kowa da hakiminsa. Tsofaffi suka taru a ƙofar dagaci. Wani ya rantse ko gawarsa ba za ta kai haraji Gwiwa ba. Wani ya ce shi dama ya ga alama tun da aka fara auna hanya. Dagaci da kansa bai san amsa ba, ya hau keke ya tafi Roni ya tambayo. Ya dawo da yamma yana share gumi, ya ce ba garin Gwiwa ake nufi ba, gwiwar ƙafa ce.

Da aka warware mana zancen, ga yadda yake. Wani kamfani ya karɓi fili a ƙasan dam zai yi noman rani, alkama da tumatir. Kamfani yana tsoron kada yashi da laka su cike dam ɗin ya rasa ruwa. Gwamnati ma tsoron da take ji ke nan, ga shi kuma tana son a dasa itatuwa. Sai suka shirya: gwamnati ta kawo doka da fili da malamin daji, kamfani ya kawo waya da mota da injin ban ruwa, a kewaye gaɓar rafi a dasa bishiyoyi su riƙe ƙasa. Malamin dajin Malam Haruna ne, wani siririn saurayi ɗan Kazaure, da gajeren wando da doguwar safa da littafi a hammata. Na kamfani kuwa Manaja muke ce masa, ƙato mai tumbi, ba ya fitowa daga mota sai ya tabbatar akwai inuwa. Na dube su na ce wa matanmu, gwiwar wannan tana cikin safa, ta wancan tana cikin mota, bari mu ga wadda za ta taɓa ƙasa.

Ban ɗauka abin ya shafe ni ba sai ranar da na ɗauki kwando da 'yar digata na nufi Gindin Marke, na tarar da waya mai ƙaya ta gitta hanya, ga ƙofar ƙarfe, ga kwaɗo sabo fil. Malam Haruna yana tsaye yana rubutu. Ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa, ya kira ni Iya. Ya nuna min bakin ramin, ya ce duk damina gefensa yana zubewa, ruwa ya kwashi ƙasar ya kai dam, in aka bari wata rana dam zai koma gona. Na ce masa rafin nan yana cin gaɓarsa tun kakansa bai san wando ba, kuma ba ni na aike shi ba. Ya ce ya sani, amma doka ce.

Mun gwada yumɓun wani wuri, can wajen hanyar Kazaure. Muka yi gini na sati biyu, muka cinna wuta. Kuna jin ƙarar da gyaɗa take yi a kasko? Haka matoya ta riƙa yi. Da muka buɗe, ko tukunya goma ba mu tsira da su ba. Gida shida muka zauna muna kallon tsingaro. In babu Gindin Marke babu sana'a, magana ta ƙare.

Allah da ikonsa, ledar da kamfani ya yi oda don rainon 'yan itatuwan ta maƙale a jirgin ruwa a Ikko. Lokacin kaya sun yi wa ƙasa yawa, jirage layi suke yi kamar mata a rijiya. Ga iri a hannu, ga lokaci yana tafiya, babu abin da za a shuka a ciki. Sai dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da su a zaure, Manaja ya cika kujera, Malam Haruna yana gefe. Suka ce suna son ƙananan tukwane masu yawa, kamar girman kofin shayi biyu. Na ce da wane yumɓu, na sama ko na Ikko? Daga ƙarshe aka yanke: za a riƙa buɗe mana ƙofa mu ɗebi yumɓu muna yi musu tukwane, in itatuwan suka kama har babban jami'i ya zo daga Kano ya gan su a tsaye, za a ba ni takardar izinin haƙa. In ba su kama ba, ƙofa ta rufu ke nan.

Har na miƙe, Malam Haruna ya ce akwai sharaɗi.

"Kowace ki yi mata ƙofa a gindi, Iya, wadda ɗan yatsa zai shiga. Kuma kada a gasa su sosai, su ɗan sha wuta kawai."

Matan da suka rako ni suka toshe baki da mayafi. Na tambaye shi ƙofar ta mece ce. Ya ce don ruwa ya riƙa fita. Na dube shi tun daga hula har safa. Shekara talatin ina hana ruwa fita daga tukunya, yau ga yaro da littafi yana so in yi masa hanya, kuma in sa farcena uku a wuya. In ɗaya ta faɗa hannun maginan garin Kanya Babba, ai har in mutu ana ba da labarina a gidan biki. Amma a gaban dagaci ba a musu. Na ce to.

Da muka koma gida na ce wa mata, ya ce wadda ɗan yatsa zai shiga, bai ce wadda zai fita ba. Kowace tukunya muka danna mata yatsa a gindi, ya lotsa ya yi gurbi, amma bai ɓule ba. Batun ɗan shan wuta kuwa ko ta kansa ban bi ba, ɗanyen aiki ba ya fita daga gidana. Muka gasa su har suna ƙara kamar ƙarfe, muka yayyafa musu ruwan bagaruwa suka yi baƙi suna sheƙi. Muka jera su a kife a filin rainon. Daga nesa gurbin nan baƙi ƙirin, ka rantse huda ce. Malam Haruna ya zo a kan babur zai wuce Kano wani kwas, ko sauka bai yi ba. Ya leƙa, ya ce kai, Iya, aiki ya yi kyau. Na ce ai mun gode.

Leburori suka cika su da ƙasa da taki, aka shuka darbejiya da bagaruwa da itacen turare. Injin kamfani yana ba su ruwa safe da yamma, ba fashi. Suka tsiro gwanin sha'awa. Bayan sati uku sai ganye ya fara rawaya, kai ya fara langaɓewa. Malam Haruna ya dawo ya ce ruwan kamfani ne, injin yana zubar da baƙin mai a ciki. Manaja ya ce ƙarya ne, irin gwamnati ne ya tsufa a sito. Takardu suka riƙa tafiya Kano suna dawowa. Aka ƙara taki, aka yi feshi, aka yi rumfa. Da suka ga abin yana ƙaruwa sai suka ce ƙila ƙishirwa ce, aka ƙara ruwa. Manaja ya fara cewa zai janye injinsa da motarsa. Malam Haruna ya ce in ya janye, shi kuma zai kulle ƙofa ya aika makulli Kano.

Ni kullum ta gefen filin nake wucewa in zan shiga rami. Ran nan hancina ya ɗauko wani tsami, irin na ƙullun da ya kwana uku. Na ajiye kwando na ɗaga tukunya ɗaya, na ji ta da nauyi kamar an cika ta da dutse. Na karkata ta, wani koren ruwa ya zubo, saiwar ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Na ɗaga ta biyu, haka. Tukwanena sun riƙe amana, ko ɗigo ba su bari ya fita ba.

Ban je wurin dagaci ba, ban je wurin kowa ba. Na tara matanmu, kowace ta zo da ƙusa. Ku da kuke cewa aikin banza ne, ku je ku huda gasasshiyar tukunya da shuka a cikinta ba ku fasa ta ba, sannan ku dawo mu yi magana. Ba a bugawa. A cinya ake kwantar da ita, a tallafe shukar, a jiƙa gurbin, a kafa ƙusa a riƙa murzawa tsakanin tafuka kamar ana burga miya. Sa'ar da muka ci, dannawar yatsan nan ta sa wurin ya yi siriri. Kina murzawa sai ki ji ƙus, ruwa ya tsarto miki a zane. Muna cikin haka, zannuwanmu sharkaf, sai ga babur.

"Iya, me kuke yi haka?"

"Ƙofa muke buɗewa."

Ya sauka, wannan karon. Ya ɗauki wadda ba mu kai gare ta ba, ya juya ta, ya sa yatsa a gurbin. Ya daɗe yatsan yana ciki.

"Ba na ce a yi musu ƙofa ba?"

"Ƙofa ka ce, ƙofa na yi. Ba ka ce a bar ta a buɗe ba. Na ga ku ma taku da kwaɗo kuka yi ta."

Ya nemi wata durom ta ruwa ya zauna a kai. Ya ce takarda huɗu ya rubuta Kano yana zagin ruwan kamfani. Na ce to ya rubuta ta biyar ya ce ruwan ya tuba. Bai yi dariya ba. Sai na ce masa laifina ne. Sau ɗaya na faɗa, a hankali, ban kuma maimaita ba, kuma ku ma kada ku sa ran ji. Bai kai ƙarata ba. In zai kai, dole ya rubuta cewa daga kan babur ya duba aikin gwamnati. Ya cire safa, ya karɓi ƙusa, ya fasa uku kafin ya iya. Manaja kuwa aka ce masa an gano maganin ciwon, ya ce dama shi ya san feshin da ya kawo zai yi aiki.

Kamar rabi suka rayu. Da lokacin dashe ya zo sai gashin da na yi musu ya dawo kaina. Da ɗan shan wuta suka yi, da sai a binne su haka nan saiwa ta fasa su da kanta. Nawa kuwa ko saiwar kuka ba ta isa ba. Dole a fasa kowace kafin a sa a rami, leburori kuma in sun fasa har da shukar suke kashewa. Ni na zauna a gaɓar rafi da dutse a hannu, ina bin tukwanena ɗaya bayan ɗaya, ina nemo inda na san za su tsage.

Sai kuma shekarar ta zama ta fari. Ruwa ya zo a makare, ya yi sau nawa ne, ya ɗauke. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Mutanen arewa suka riƙa gangarowa da shanu ƙashi da fata, suna sayar da saniya a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba. Wanda ba shi da abin dafawa ba ya sayen tukunya. Tulunan da muka gina don kasuwa suka taru a bayan ɗakuna har kaji suna ƙwai a ciki. Dam ya ja baya ya bar laka tana tsagewa. 'Yan itatuwan da muka dasa suka tsaya a layi kamar marayu. Motar kamfani takan zo ta watsa musu ruwa, kafin direba ya juya kan mota ƙasa ta shanye ta bushe. Manaja ya ce ba zai iya kullum ba, tumatirinsa ma kuka yake. Jami'in Kano kuma an ce yana nan tafe bayan kaka, ko da yake kakar ba a ga abin girba ba.

Na sami Malam Haruna a tsugune gaban wata darbejiya da ta rage ganye huɗu. Na tambaye shi a gidansu ina kaji suke kwanciya da tsakar rana. Ya ce gindin randa. Na ce don me? Ya ce don sanyi, wurin kullum da danshi. Na ce to ashe bokon bai cinye shi duka ba. Na ce a haƙa rami kusa da kowace shuka, a binne sabon tulu har wuya, a cika shi da ruwa a rufe da kasko. Rana ba ta gani, iska ba ta sha, tulu ya riƙa ba saiwa kaɗan-kaɗan.

Ya dube ni ta gefen ido.

"Wannan karon da ƙofa ko babu, Iya?"

"Babu. Yoyo daban, naso daban. Yoyo abin kunya ne. Naso kuwa sai wadda ta iya."

Muka gwada a kan guda goma. Ba kowane tulu ba, sai wanda ba a goge shi da dutse ba, ba a kuma sa masa ruwan bagaruwa ba, shi ne yake naso sosai. Bayan sati, goman nan suka ɗaga kai, na kusa da su suna nan a langaɓe. Malam Haruna ya kawo Manaja ya gani. Da farko Manaja ya ce motarsa ba ta dakon tukwane ba ce. Da aka ce masa maimakon kullum, sau ɗaya a sati zai riƙa kawo ruwa, sai ya ce dama tunanin da yake yi ke nan. Leburorin gwamnati suka haƙa, motar kamfani ta yi jigila, mu muka kwashe tulunan bayan ɗaki muka kuma gina sababbi. Kamfani ya biya mu da dawa, a shekarar da dawa ta fi kuɗi daraja. Gida shida ba wanda ya yi ƙaura.

Jami'in ya zo da motoci biyu da mai ɗaukar hoto. Ya bi layi yana ɗaga kasko yana leƙa tulu. Ya ce duk inda ya zaga a bana gawar itatuwa ya tarar, sai nan. Ya tambaya wannan dabara daga wace ƙasa aka kawo ta. Manaja ya ce ƙwararrun kamfani ne suka yi nazari. Malam Haruna ya ce ma'aikata ce ta ba da shawara. Jami'in ya juyo gare ni, da yake ni kaɗai ce hannuna da laka, ya ce Iya ke fa me kika ce? Na ce ranka ya daɗe, daga kashin jaki take. Dagaci ya yi tari. Sai da Malam Haruna ya yi wa jami'in bayani da Turanci, sannan ya yi dariya har yana dafa mota.

A ranar aka ba ni takardar, da hatimi. Malam Haruna ya karanta min sharuɗɗan: in haƙa ta ɓangaren da ba ya kallon ruwa, da rani kawai, in cike tsohon rami da duwatsu da tsingaro, kada a taɓa marken. Na bi su, don ba su hana ni komai ba. Bayan damina uku na lura gaɓar ta daina zubewa, ruwan da yake wucewa ma ya rage ja. Ban faɗa wa Malam Haruna ba. Yaro in ka yabe shi sau biyu sai ya lalace.

Kamfani bai daɗe ba. Da kuɗin mai ya ja baya, alkama ta ƙi biya, wata rana muka ga an ɗora injin a mota, Manaja ya ɗago mana hannu ta taga. Ba a jima ba aka yi wa Malam Haruna canjin wurin aiki. Ya zo har gida ya yi min sallama, ya miƙo min makullin ƙofar, ya ce in riƙe kafin wanda zai gaje shi ya iso. Na ɗaure shi a bakin zane. Wanda zai gaje shi ina jin a ƙafa ya taho, don har yau bai iso ba. Ni na riƙa korar awaki, ni na riƙa ɗaure waya in ta tsinke. Masu saran itace kuwa ba na buƙatar sanda, na san uwar kowa da abin da ta yi a ƙuruciya. Itatuwan suka girma suka haɗe kai, har in kin shiga sai kin ɗaga ido ki nemi rana.

Shekaru bayan an ba mu sabuwar jiha, sai ga wasu samari biyu a farar mota, da takalma masu sheƙi. Suka ce daga ma'aikata suke, an turo su su ƙidaya itatuwan gwamnati, amma takardun wurin an bar su a Kano, ba a san inda suke ba. Sun tambaya a gari wa yake da iko da dajin nan, kowa ya nuno musu gidana. Suka gaishe ni, suka ce Iya a taimaka a ba su makulli. Na shiga ɗaki na ɗauko takardata daga cikin tukunyar da nake ajiye ta, na miƙa musu. Suka karanta, suka ce lallai wannan izini ne, Tasalla tana da damar shiga.

"To ni ga tawa," na ce. "Ina taku?"

Suka dubi juna. Babban ya ce ai su ne gwamnati. Na ce ban musa ba, amma gwamnati ce ta ce kada a buɗe wa wanda ba shi da takarda, ni kuma ba na karya doka. Suka ce za su je su kawo. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Da ƙurar motarsu ta kwanta, na ɗauki kwando da diga, na buɗe, na ɗebo yumɓuna, na mayar da kwaɗo.